Kwangilar gina kwamin ninƙaya na kankare a Kano: tayil ya yi kyau, amma me ke ƙarƙashinsa?

Daga Nassarawa GRA da Bompai har zuwa sababbin gidajen da ke tashi a Hotoro, Janbulo da Rijiyar Zaki, kwamin ninƙaya ya fara shiga zanen gida tun daga farko, ba sai otal ba. Masu yin aikin ma sun yawaita, kuma galibinsu a dunƙule suke karɓarsa: su haƙa, su zuba kankare, su ja bututu, su manna tayil, su kafa inji, su cika da ruwa, su miƙa wa maigida. Wannan kwangila ta jimla ce muke dubawa a nan, kuma hukuncinmu a kanta ba shi da wuyar faɗi. Duk abin da ido ke gani, masu aikin Kano sun iya shi, wasu ma sun ƙware matuƙa. Abin da ƙasa ke binnewa da abin da tayil ke rufewa, wato rodi, kwaɓin kankare, mahaɗar bango da daɓe, da bututu, nan ne sakaci ya fi yawa. Nan ne kuma ake gane ko kwami zai kai shekara 30 ko zai fara yoyo tun a damina ta biyu.

Domin magana ta tsaya a kan abu guda, mu ɗauki girman da ya dace da gidan iyali: tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi daga mita 1.1 a gefe ɗaya zuwa mita 1.5 a ɗaya gefen. Wannan yana cin ruwa wajen lita 42,000. Nauyin tan 42 ke nan a kan daɓe da bango, dare da rana, ba hutu.

Matsalar tun daga takardar farashi take farawa. Mafi yawan waɗanda ake miƙa wa masu gida shafi ɗaya ne: haƙa kaza, aikin kankare kaza, tayil kaza, inji kaza. Ba kaurin bango, ba girman rodi ko tazararsa, ba yawan buhun siminti, ba sunan inji balle ƙarfinsa. Irin wannan takarda ba ta ɗaure ɗan kwangila da komai ba. In siminti ya tashi a tsakiyar aiki, ba lallai ya dawo ya nemi ƙari ba, sai ya rage daga inda ba za a gani ba. Masu aikin ƙwarai tun a nan ake gane su. Suna zuwa da zanen injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, da jadawalin rodi, su kuma ce maka a tuntuɓi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kan izini kafin a sa diga a ƙasa.

Ga lissafin da za ka iya auna kowace takarda da shi. In daɓe da bango duk za su yi kaurin santimita 20, gangar jikin kwamin za ta ci kankare kusan kubik mita 16. A kwaɓin da ya dace da abin riƙe ruwa, buhu 8 ne a kowace mita, wato wajen buhu 130. Ka ƙara shimfiɗar farko ta ƙarƙashi mai kaurin santimita 5, da filasta, da gyaran daɓe, sai jimla ta doshi buhu 170. Tsakuwa mai milimita 20, wadda ake kira tiri-kwata, wajen tan 20. Rodi mai milimita 12, a saƙa shi tazarar santimita 20 tsaye da kwance, shimfiɗa biyu, zai kai sanda 150 zuwa 160, kimanin tan 1.7. Injiniya na iya ƙarawa ko ragewa bisa ga ƙasar wurin, amma duk wanda ya zo maka da rabin wannan lissafi, wani abin dabam yake shirin gina maka. Ka ninka waɗannan da farashin ranar a kasuwar Ƙofar Ruwa, za ka san ko kuɗin da aka faɗa maka na iya ɗaukar aikin ko kuwa.

Ƙasar Kano gaba ɗaya tana taimakon mai gini. Dutse ne a ƙarƙashi, jar ƙasa da marmara a sama, suna da wuyar haƙa amma suna ɗaukar nauyi. Sai dai ba kowane fili ne haka ba. Filaye da dama tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai, wasu kuma suna kwari inda ruwan ƙasa ke tasowa a watan Agusta. 'Yan kwangila kaɗan ne ke haƙa ramin gwaji, alhali aikin yini ɗaya ne ga lebura biyu: a haƙa mita 2, a ga irin ƙasar, a bar shi ya kwana a ga ko ruwa zai tsattsafo. Inda ruwan ƙasa ke kusa, dole a shimfiɗa tsakuwa santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin daɓe, da bututu mai huje-huje da zai kai ruwan wata 'yar rijiya a gefe, a kuma sa bawul ɗin sakin matsi a cikin magudanar ƙasan kwamin. In ba haka ba, ranar da aka kwashe ruwan kwamin a tsakiyar damina don gyara, ruwan ƙasa na iya ɗaga shi ko ya tsaga daɓen daga ƙasa. Wurin haƙa kuma ya yi nesa da sokawe da harsashin gida, ya yi nesa da darbejiya da mangwaro, saboda saiwa da kuma ganyen da za a yi ta kwasa kullum.

Babban abin da ya raba masu wannan sana'a gida biyu shi ne bango. Wasu, kuma su ne suka fi araha, bulo mai inci 9 suke jerawa, su zura rodi ɗaiɗai a ramukan, su cika da kwaɓi, su yi filasta, su kira shi kwamin kankare. Ba mu ba da shawarar wannan ga kwami mai zurfin da ya wuce mita 1. Bulon kasuwa mai shan ruwa ne, kowane layin jeri kuma hanya ce da ruwa zai bi, sannan babu rodin kwance da ya ɗaure bangon gaba ɗaya. Abin da ke riƙe ruwan a irin wannan aiki filasta ce kawai da gam ɗin tayil. Da ƙasa ta ɗan motsa tsakanin rani da damina, sai tsaga ta bi layin bulo, daga kusurwa take farawa. Araha ba ta ado. Bulo yana da amfani a nan ta hanya ɗaya: a jera shi daga waje ya zama madogarin da za a zuba kankare a jikinsa, ya maye gurbin katako. Amma bangon da ke riƙe ruwa kankare ne zubin gaske mai rodi shimfiɗa biyu.

A kan rodi, masu ɗauri a Kano suna da sauri da tsafta, amma abu uku ake yawan samu. Na farko, rodin da bai cika ba. Sanda mai milimita 12 da tsawon mita 12 nauyinta ya kamata ya kai kilo 10.6, don haka a ɗora uku ko huɗu a sikeli tun a bakin shago. Na biyu, gajeren haɗi. Inda sanda biyu suka haɗu, su hau juna aƙalla santimita 60, kada kuma duk haɗin ya faɗo a layi ɗaya. A kusurwa da inda bango ya tashi daga daɓe, sanda mai lanƙwasa ake so wadda ta shiga ɓangarorin biyu, ba biyu da suka taɓa baki kawai ba. Na uku shi ya fi cutarwa: rodi ya kwanta a ƙasa ko ya jingina da katako. Ana buƙatar kankare mai kaurin santimita 4 ya rufe shi ta kowane gefe, kuma ƙananan biskit na siminti ne ke tabbatar da haka. Inda aka bar su, ko aka cusa gutsuren bulo a madadinsu, ruwan kulorin zai kai ga ƙarfen, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya turo kankare da tayil waje. Jan tabon da ake gani yana gangarowa tsakanin tayil bayan shekara biyu ko uku, wannan ne asalinsa.

Ranar zuba kankare ita ce ranar da ya kamata maigida ko wakilinsa ya kasance a wurin tun daga buhun farko har na ƙarshe. Tsohuwar ƙa'idar Birtaniya ta gine-ginen riƙe ruwa, BS 8007, wadda injiniyoyinmu suka saba aiki da ita, ta ce kada siminti ya gaza kilo 325 a kowace kubik mita ta kankare, kada kuma ruwa ya wuce kashi 55 cikin 100 na nauyin siminti. Kwaɓin da leburori suka saba da shi na zubin rufin kankare, wato dakin, buhu 1 da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, bai kai wannan ba. Abin da ake so buhu 1, yashi kwano 3, tsakuwa kwano 6, da siminti mai daraja 42.5, wanda Dangote da BUA duk suna yi, kuma an rubuta a jikin buhu. Ruwa kuwa jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage.

A nan ake kokawa da leburori, kuma ba mugunta ke sa su ba. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin ɗiba da zubawa, musamman da rana ta take. Amma duk ruwan da ya wuce kima, in ya bushe ƙananan hanyoyi yake bari a cikin kankaren, su ne ruwan kwami zai bi daga baya. Maganin shi ne a sa sinadarin sassauta kwaɓi maimakon ƙarin ruwa, a kwaɓa da inji ba da shebur a ƙasa ba, a kuma zo da injin girgiza kankare, har da na ko-ta-kwana in na farko ya tsaya. A zuba bango kashi-kashi, santimita 30 zuwa 45, ana girgizawa ana zagayawa har a kai sama ba tare da an tsaya cin abinci an dawo ba. Inda aka yi amfani da sanda ana sokawa da hannu, in aka cire katako za ka ga ƙasan bangon ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa tsirara ba siminti. Abin takaici, abin da aka saba yi shi ne birkila ya yi maza ya shafe wurin da filasta kafin maigida ya iso. Ka ce kada a cire katako sai kana tsaye.

Yashi ma a duba shi. A zuba shi a kwalba ya kai santimita 10, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. In lakar da ta kwanta a samansa ta wuce milimita 6, a mayar da tifar.

Yanayin garin nan yana da nasa hukuncin. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kankare na kamawa kafin a gama daidaita shi. Da hunturu kuma busasshiyar iska na tsotse ruwan fuskarsa cikin sa'o'i kaɗan, ya yi ƙananan tsage-tsage tun bai yi ƙarfi ba. Don haka zubi bayan sallar asuba ake farawa, ko da yamma liƙis a shiga dare da fitila, a jiƙa tsakuwa da katako tukuna. Ban ruwa kuma ba yayyafi sau biyu a rana ba ne. Daɓe a tare shi da ruwa ya kwanta a kai, bango a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara da leda, kwana 14 bai bushe ba. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Kamfanin da ya ɗebi samfuri a ƙananan akwatuna ya kai ɗakin gwaji a matse a kwana 7 da kwana 28, ya nuna maka takardar sakamako, wannan ya san abin da yake yi.

Wuri ɗaya ne ya fi ko'ina yoyo: layin da bango ya zauna a kan daɓe. Ana zuba daɓe yau, bango bayan kwanaki, sabon kankare kuwa ba ya haɗewa da tsoho ya zama abu guda. Aikin ƙwarai shi ne a zuba daɓen tare da ɗan tudun bango mai tsayin santimita 10 zuwa 15, a dasa robar tare ruwa mai faɗin santimita 20 a tsakiyarsa, rabi a ciki rabi a waje, ta zagaye kwamin ba yankewa, a narka bakinta a haɗe. Akwai kuma wata igiya mai kumbura in ta ji ruwa, ita ma tana yi in aka kiyaye ta daga jiƙewa kafin zubi. Kafin a zuba bango a sassaƙe fuskar tudun, a wanke ƙura da garin katako. Kuɗin wannan roba bai taka kara ya karya ba a cikin kuɗin aikin, amma sau da yawa ba a sa ta, don maigida bai san da ita ba balle ya tambaya. Haka wayar da kafintoci ke ratsa bango da ita su ɗaure katako: kowace ɗaya hanyar tsatsa ce daga ciki zuwa waje. A sare ta ta shige ciki santimita 4, a cike ramin da turmin gyara marar tsukewa. Duk bututun da zai ratsa bango kuma a dasa shi kafin zubi, da ƙawanyarsa ta tare ruwa. Fasa bango da kurfi daga baya a cusa bututu, yoyo ne aka shuka.

Sai gwajin ruwa, wanda a ganinmu shi ne ma'aunin ɗan kwangila gaba ɗaya. Bayan kwana 28, kafin filasta, kafin tayil, kafin a mayar da ciko a bayan bango, a toshe bututu a cika kwamin. A bar shi aƙalla mako guda kankaren ya sha, sannan a yi alama a bango. A ajiye bokiti da ruwa a kan matakala, shi ma a yi masa alama, domin abin da rana da iska suka ɗauka zai bayyana a duka biyun, abin da kwamin ya fi bokiti raguwa shi ne yoyo. A kwana 7 kada bambancin ya wuce milimita 10, bayan bangon kuma a zagaya a ga ko akwai danshi. Da yawa suna guje wa wannan gwaji da hujjar kuɗin tanka da ɓata lokaci, su ce ai sinadarin hana yoyo zai rufe komai. Ba zai rufe ba. Shafi irin su SikaTop Seal-107 ko Mapelastic, hannu biyu, na biyu a gicciye kan na farko, kariya ce mai kyau a kan kankaren da ya riga ya riƙe ruwa. Ba a yi su don su ceci bangon da ke zuba ba.

A fannin tayil kuwa sai yabo. Masu manna ƙananan tayil na gilashi a Kano suna fitar da layi da kusurwa da matakala yadda ba za ka kushe ba, cikin kwami mai wannan girma kuma wajen murabba'in mita 67 ne za a rufe. Abin lura gam ne. Siminti zalla da ake manna tayil ɗin banɗaki da shi ba ya riƙe gilashi a cikin ruwa. A nemi gam mai alamar C2 a jikin buhu, fari, da abin cike tsakani da aka yi don kwami, a kuma ba shi kwanakin da kamfanin ya rubuta kafin a zuba ruwa. Bakin kwamin da daɓen kewaye a sa mai kaushi da haske. Baƙin dutse mai sheƙi yana da kyau a hoto, amma a watan Afrilu ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi, in ya jiƙe kuma santsi. Daɓen ya gangara waje, kada ruwan sama ya kwaso ƙasar tsakar gida ya zuba ciki.

Bututu shi ne rauni na biyu bayan kankare. PVC mai ɗaukar matsi ake so, milimita 50 da 63, ba siririn nan na ruwan wanke-wanke ba, wanda kamarsu ɗaya in an binne. A kwantar da shi a kan yashi, a toshe, a hura masa matsi bar 1.5 zuwa 2 a bar agogon ya kwana, sannan a rufe. Magudanar ƙasa biyu ake sawa, tazarar aƙalla santimita 90, da murfi mai tudu. In ɗaya ce tak, ƙarfin tsotson inji na iya manne yaro ko ya kama gashi ko riga a ƙasan ruwa, abin da ya sa Amurka ta yi doka a kansa a 2007. Sikima, wato bakin da ke kwashe dattin saman ruwa, a girman nan biyu sun fi ɗaya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka aƙalla ɗaya ya kasance a ɓangaren kudu maso yamma, inda ƙura da ganye ke taruwa da kansu.

Wajen inji, kuskuren da aka fi yi shi ne girma. Ana so ruwan kwamin duka ya ratsa matata cikin awa 6, wato lita 7,000 a awa, kuma injin 0.75 HP ya isa. Sai ka ga an kafa mai 2 HP a kan ƙaramar matatar yashi mai faɗin santimita 50, a ce wa maigida an sa masa babba. Ruwa ya riƙa ratsa yashin da ƙarfi yana huda hanya, ƙura ta koma cikin kwami, wuta kuma ta tafi a banza. Akasin haka ya fi dacewa da Kano: matsakaicin inji, babbar matata mai santimita 60, da yashinta na musamman mai milimita 0.4 zuwa 0.8, ba yashin rafi da aka tankaɗe ba. Kayan AstralPool, Hayward, Pentair da Emaux duk suna aiki. Abin dubawa shi ne allon jikin injin ya nuna 50 Hz da wuta 220 zuwa 240, domin wanda aka yi wa kasuwar Amurka 60 Hz ne, a sayi kuma wanda ake samun roba da murfinsa da kwandonsa a gari. Injin zai ci wajen yunit 5 zuwa 6 a awa 8, kuma tunda da rana ake so ya yi aiki, sola ta dace da shi sosai. A sa masa abin kariya daga hawa da saukar wuta. Ɗakin inji in a ƙasa yake, a ɗora injin a kan dakali, a yi wa ɗakin magudana da tagar iska, in ba haka ba ruwan Agusta zai shanye shi.

Wuta a cikin ruwa ba wurin sassauci ba ne. Fitilun ciki masu bolt 12 ne ta taransifoma da ke ɗakin inji, layin gaba ɗaya ya bi ta na'urar katse wuta mai 30 mA, tsani da duk wani ƙarfe a haɗa su da waya zuwa ƙasa. Mai wayarin ya danna maɓallin gwajin na'urar a gabanka.

Miƙa aiki shi ne inda kusan kowa ke gazawa. A cika ruwa, a watsa kulorin, a ɗauki hoto, a tafi, ba a koya wa kowa komai ba. Bayan mako biyu ruwa ya zama kore, a ce kwamin ne ba shi da kyau. Abin da ya kamata a bar wa gida shi ne kayan gwaji da takarda ɗaya: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. A wannan kwami, giram 60 zuwa 65 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 yana ɗaga shi da miligiram 1. Da yamma ake zubawa, don rana na cinye shi. Garin da ƙwayar kulorin kada a taɓa haɗa su a mazubi ɗaya, suna iya kamawa da wuta. Ruwan burtsatse a gwada shi kafin a cika: in yana da sinadarin ƙarfe, da ya ji kulorin zai koma ruwan ƙasa-ƙasa, sai an sa alif ya kwanta an zuƙe shi waje. Matata a wanke ta da juyin ruwa in agogonta ya haura da rabin bar kan yadda yake tana da tsafta, kuma a kashe inji kafin a murɗa hannun bawul, kullum. Ruwan wankin a san inda za shi tun a zane, ba kwatar maƙwabta ba.

Akwai kuma ruwan da sama ke ɗauka. Kowace milimita 1 da ta ragu a fuskar wannan kwami lita 32 ce, in rani ya ɗauke milimita 7 a yini an haura lita 200. Gidan da ke sayen ruwa a tanka ya yi wannan lissafi kafin ya haƙa. Murfin leda mai kumfa yana rage asarar ƙwarai, yana kuma tare ƙurar hunturu, amma da wuya ka gan shi a takardar farashi.

Abin da ya fi damunmu rashinsa shi ne shinge. Kowace damina ana jin labarin yaran da suka nitse a kududdufan garin nan, kwami kuwa a tsakar gida yake, inda yaran gida da na baƙi ke wasa. Shinge mai tsayin mita 1.2 da ya zagaye kwamin, da ƙofa mai rufe kanta da sakata a sama inda hannun yaro ba ya kai, ya shiga cikin kwangilar tun farko, ba a ce sai an samu sarari ba. Katangar gida kuma a duba ta daga benen maƙwabta, domin in iyali ba su sami sutura ba, ba za su shiga ba, kwamin da ba a shiga kuwa ba a kula da shi, sauro ne ke gadonsa.

Shin kwangilar jimla ta cancanci kuɗinta? Ta cancanta in aka ɗaura mata sharuɗɗa, domin hannu ɗaya ke ɗaukar alhakin kankare da bututu da inji, ba mai tura laifi ga wani. Amma injiniyan da zai duba aikin ya zama naka, kai kake biyansa, ya zo aƙalla sau uku: bayan ɗaurin rodi, ranar zubi, da ranar karanta gwajin ruwa. Kafin sa hannu ka nemi a kai ka kwamin da suka gina wanda ya ga damina uku, ba wanda aka gama jiya ba, ka leƙa ɗakin injinsa, ka tambayi mai kula da shi sau nawa yake ƙara ruwa a mako. Biya kuma kashi-kashi: bayan haƙa da shimfiɗa, bayan an amince da rodi, bayan zubi, kaso mai tsoka sai gwajin ruwa da na bututu sun wuce, sannan tayil da inji. Kashi 10 cikin 100 ya zauna a hannunka har kwamin ya ratsa damina ɗaya cike da ruwa, a kuma rubuta haka a takardar yarjejeniya da shaidu.